Takandar Malam

A shekarata ta uku a jami'a, malamarmu ta sashen aikin gona ta shigo aji ta ce tana neman ɗaliban da iyayensu ke ƙauye. Sashen yana haɗa rumbun bayanai a kwamfuta, wanda za a zuba duk irin shukar da ake nomawa a arewacin Kano da duk irin dabbar da ake kiwo: sunan kowanne, kamanninsa, lokacin da yake nuna, da gidajen da ake samunsa. Ban ɗaga hannu ba. Ni ba mai ɗaga hannu ba ne, ko da na san amsa. Wanda ke zaune kusa da ni ne ya nuna ni da biro, ya ce, "Malama, ga na asali nan. In ya dawo hutu, har da ƙullin fura yake zuwa." Aka yi dariya, ita kuma ta ba ni garinmu da ƙauyukan da ke kewaye da shi.

Ƙa'idarta mai sauƙi ce. Duk sunan da muka rubuta sai an samo masa shaida. In shuka ce, a ɗebo ɗan iri a zuba a ambulan, a rubuta sunan a baya. In dabba ce, a ɗauki hotonta. Ta ce, "Suna ba shi da wuyar samu, kowa zai ba ku. Ni ambulan nake jira."

Garinmu yana tsakanin Bagwai da Tsanyawa. Wajenmu babu daji. Gona na ƙarewa wata ke farawa, iyakarsu layin gamba ko wata tsohuwar ɗorawa, kuma ba ka yin tafiyar da za ka daina jin dakan wani gida. Na koma da rani, lokacin da amfanin gona ke rumbu, mutane kuma suna da sukunin zama.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne magana da manya. Tun ina yaro aka san ni da zaman zaure da littafi a hannu. Sunan kakana aka sa mini, wanda ya koyar da Alƙur'ani a garin har ya rasu, don haka babu mai kama sunana. Mai sunan Malam ake ce mini, Baba ma haka yake kirana. Baba ne ya kai ni majalisar da ake zama a gindin darbejiyar ƙofar masallaci bayan La'asar. Ya yi musu bayani a taƙaice, ya koma gefe ya bar ni da su.

Wani dattijo mai ɗinkin hula ya ɗago kai ya ce, "Wato kaura ma yanzu sai an kai ta makaranta? To a gaya mata ta dage da karatu."

Maƙwabcinmu ya ce, "Ka fara da akuyata. Ja ce, tagwaye take haihuwa, kuma ba ta taɓa shiga gonar kowa ba."

"Ji tsoron Allah!" majalisa ta ɗauka gaba ɗaya.

Dariyar nan ce ta sake mini harshe. Daga ranar aiki ya miƙa. Na rubuta dawa kaura da farafara, gero da maiwa, wake kanannado da ɗan ila, gyaɗa mai bargo da 'yar Dakar. Na ɗauki hoton tumaki 'yan ƙasa, da uda mai rabin jiki baƙi rabi fari, da wani balami da aka ɗaure tun bara ana jiran Sallah. Wata tsohuwa ta aiko da kazarta shazumama zuwa ƙofar gida, mai gashi a birkice, da saƙon cewa a ɗauke ta ta gefen dama, nan ta fi kyau. In gida biyu suka ba ni iri ɗaya da suna daban, sai in baza su a kan faifai in yi ta kallo har in gane ko abu ɗaya ne. Wannan ɓangaren na fi so, domin ba ya buƙatar in yi magana da kowa.

A zama na farko ne wani ya ce, "Ka rubuta takandar kakanka kuwa?"

Takanda dangin dawa ce, sai dai ba don hatsinta ake shuka ta ba. Karanta ake sha kamar rake. Tamu ana ce mata takandar Malam, saboda kakana ne ya zo da irinta daga gabas lokacin da ya dawo daga neman karatu. Karanta fari ne mai jan gaɓa, ga laushi, har tsoho mai sauran haƙori kaɗan yana iya sha. Ana shuka ta a bakin gona, kuma ba a hana mai wucewa ya karya ya sha. Matsalarta ɗaya, ana shanye ta tun kan bai nuna ba. Don haka kowace shekara Malam yakan zaga ya zaɓi kara mafi kyau, ya kama ganyensa ya ƙulla. Duk karan da aka ga ganyensa a ƙulle, na iri ne. Ko yaron da ya fi kowa ƙiriniya ba ya taɓa shi. Ina tunawa da hannun Malam yana wannan ƙullin, da sanyin ruwan takanda yana gangaro mini a haɓa.

Da aka ambace ta, sai fuskokin dattawa suka washe. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina tambaya ko suna da ita.

"Akwai ta, alhamdu lillahi."

"Haba, gidan da babu takandar Malam ai ba a garin nan yake ba."

Na rubuta kusan kowane gida. A abin da na fara tura wa malamarmu ta waya, takandar Malam tana cikin shukokin da suka fi yawa a garinmu. Ban yi shakka ba ko kaɗan. Tun da na tafi makarantar kwana a Dawakin Tofa, lokacin kaka bai ƙara samuna a gida ba, don haka ban lura da cewa na daɗe ban ga takanda a bakin gonar kowa ba.

Da na gama rubuta sunaye, sai na shiga tara iri. Ambulan suka yi ta cika. Mutanenmu ba sa hana iri. Ko ba ka da komai, in ka roƙi na shuka za a ba ka. Na kaura ya cika, na wake ya cika, har na karkashi da yakuwa da mata suka aiko. Na takanda kaɗai ya rage ba komai a ciki.

Mai ɗinkin hula ya ce nasa yana can ƙasan rumbu, ba a kai kansa ba tukuna, amma in je wajen maƙwabcinmu. Maƙwabcinmu ya ce nasa ɗan kaɗan ne, in je wajen Baffa, ƙanin Baba. Baffa yana gyaran amalanke na same shi. Bai ɗago ba ya ce, "Nawa ya gauraya da dawa, ba zai yi maka aiki ba. Ai na asalin yana gidanku. Yaya ne Malam ya danƙa wa."

Na ce, "Baffa, ko gaurayayyen ne ina so in gani."

Ya daɗe yana murɗa wani ƙarfe, sannan ya ce, "Ɓera ya yi mana ɓarna bana."

Haka na yi ta zagawa. Ko ta ina na bi, hanya sai ta dawo da ni ƙofar gidanmu. Da na tambayi Baba, ya ce zai duba, ya tashi ya tafi masallaci alhali ba a kira salla ba.

Inna ce ta warware mini. Tana tankaɗe a tsakar gida na zauna kusa da ita na gaya mata yadda muka yi da Baba. Ta ajiye rariya ta dube ni.

Ta ce, "Ka tuna shekarar da babanka ya kwanta rashin lafiya a lokacin kaka, har aka kai shi asibiti? Kana makaranta. A shekarar babu wanda ya ƙulla ganye. Yara da masu wucewa suka ga ba ƙulli, suka shanye tas, kuma ba laifinsu ba ne. Da ya miƙe ya je gona, kututture ya tarar."

"Bai nema wajen Baffa ba?"

"Shi ne babba. A hannunsa Malam ya sa irin nan. Da wane baki zai je ya ce wa ƙaninsa ya salwanta? Kullum sai ya ce baɗi. Hankalinsa a kwance yake, tun da yana ganin tana nan a gidan baffanka."

Ni kuwa na riga na san babu ita a gidan Baffa.

Na daɗe ina tunanin mutanen majalisa bayan wannan. Ban ga wanda ya yi niyyar yi mini ƙarya ba. Gonaki sun yi ta rabuwa da gado har sun zama ƙanana, kowace kunya ana son ta ba da abin da zai shiga rumbu, takanda kuwa ba ta cika rumbu. Ga rake ana kawowa daga fadama a baro. Sai kowa ya sake ta a hankali, da sanin cewa duk ranar da ya so zai aika maƙwabta a ba shi, tun da iri ba a hana shi. Da mutum ya ce mini akwai, abin da ke ransa shi ne akwai a garin. Ga kuma nauyin cewa babu a gaban jama'a, balle a kan abin da Malam ya bari, kuma mai tambayar jikansa ne mai sunansa. Kowa ya jingina da na kusa da shi, duk kuma suka jingina da Baba, shi kuma ya jingina da Baffa.

Na kwana biyu ina neman yadda zan gaya masa. Da na iya, da na rubuta abin da na gani na koma makaranta ban ce komai ba. Amma hadari ya fara haɗuwa ta gabas, in kuwa akwai sauran takandar nan a wani wuri, to kafin shuka ya kamata a nemo ta. Wata safiya na bi shi gona yana baza taki. Na karɓi kwando muka yi ta aiki, sai da rana ta ɗaga na samu bakina ya buɗe.

Na ce, "Baba, na zaga duk gidajen da suka ce suna da takanda. Kowa ya ce in zo wajenka."

Ya tsaya. "Baffanka fa?"

"Shi ma wajenka ya turo ni."

Ya dube ni, ya dubi bakin gonar inda Malam ke shuka ta. Ya sauke kwandon a hankali ya zauna a kan kunya. Ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Ban taɓa ganin Baba zaune a gona da hantsi ba sai ranar.

Can ya ce, "Wato duk shekarun nan, ni ake jira."

Ya ɗago kai ya dube ni.

"A wajen aikin naku, me za ka rubuta?"

"Zan ce ba a samu ba."

Ya ce, "Dakata tukuna." Ya ɗebi ƙasa ya murza a hannu. "Ranar da aka kai gwaggonka ɗakin miji, na ga Malam ya sa zangarniyar takanda a cikin kayanta. Ya ce kada 'ya'yanta su tashi ba su san ɗanɗanon gidan kakansu ba. Ban sani ba ko ta riƙe."

Gwaggo ƙanwar Baba ce, tana aure a wani ƙauye bayan Tsanyawa, mijinta ya rasu, tana zaune da ɗanta. Muka jira ranar kasuwa, lokacin da mota ba ta wuya. Baba ya sa babbar riga, ya sayi goro. A cikin bas, muna matse tsakanin buhun barkono da wani mai tunkiya, ya sunkuyo ya ce mini, "In mun je, kai za ka yi magana. Aikin makarantarka ne."

Tun daga zaure muka ji muryarta. Gwaggo ba ta iya magana a hankali ba, kuma Babana take ce mini saboda sunan mahaifinta.

"Lale marhabin! Babana da kansa! Yaya, yau wace rana? Hala ɓatan hanya kuka yi, ko motar ce ta lalace a ƙofar gidana?"

Baba ya ce, "Ke dai ba kya girma."

"In girma in zama kamarka, shekara ba a ga ƙeyata ba?"

Aka shimfiɗa tabarma, aka dama fura, aka gaisa har aka tambayi lafiyar awaki. Sannan Baba ya yi mini ido. Na fara bayanin rumbun bayanai ina in'ina. Gwaggo ta ji daɗin abin. Ta shiga ɗaki ta fito da kwalabe, irin kuɓewa a cikin toka, irin kabewa, irin wani barkono da ta ce ko a kasuwa ba a samun mai zafinsa. Na rubuta duka, na ɗiba. Da na ga ba sauran abin fakewa, na ce, "Gwaggo, takandar Malam fa?"

Ba ni ta kalla ba. Baba ta kalla.

"Kun baro gidan Malam, kun shigo mota, kun zo gidan mutane neman takandar Malam?"

Baba yana kallon ƙwaryar fura ya ce, "Aikinsu ne. Suna son su ga ko ta nan ta bambanta da ta can."

Gwaggo ta buɗe baki, na ga maganar ta zo mata har leɓe. Sai ta ƙara duban yayanta, ta ga yadda ya riƙe ludayi bai sha ba. Ta haɗiye abin da za ta faɗa. Ta ce, "To. Babana, ɗauko mini turmin can."

Ta kife turmi a ɗakin girki ta hau, ta miƙa hannu cikin rufin da hayaƙi ya mai da shi baƙi ƙirin. Ta zaro wani ɗan ƙunshi a tsumma. Da ta kwance, 'yan zangarniyoyi ne ƙanana, sun sha kunkunniya.

Ta ce, "Da a bayan gida nake shuka ta. Da yaron nan zai yi aure, sai ya gina ɗaki a wurin. Waɗannan su ne na ƙarshen da na ƙulla."

Na tambaye ta shekararsu nawa a rataye.

"Wa ya ƙirga? Tun kafin a haifi waccan." Ta nuna wata jikarta da ke wasa a ƙofar ɗaki. "Ga ta nan an yaye ta, har an yi mata ƙani."

Na san yadda irin dawa ke mutuwa in ya daɗe. Ta naɗe ƙunshin ta miƙa wa Baba, ba ni ba. Ya ce ta rage rabi.

"In shuka a ina? A kan gado? Ku tafi da ita. Amma kara na farko nawa ne, ko da a mota za a kawo mini shi." Da ta rako mu zaure, ta rage murya, abin da ban taɓa jin ta yi ba. Ta ce, "Yaya, da ka aiko tun tuni."

Baba ya ce, "Allah ya yi miki albarka."

A gida muka murza zangarniyoyin a kan faifai. Da yawa ƙwari sun huda su, suna murƙushewa a tsakanin yatsu. Muka tsince masu kyau, ba su wuce tafin hannu ba. Daidai abin da ambulan ke buƙata ke nan. Raina ya so in kai shi makaranta, inda ake ajiye iri a ɗakin sanyi, ba akuya ba fari. Amma in na kai, babu abin da zai shiga ƙasa a garinmu. Na fita bayan gida inda waya ke kamawa, na kira malamarmu na gaya mata komai, har da gidajen da na rubuta suna da ita alhali babu.

Ta ce, "Sanyi ba ya mai da tsohon iri sabo. Ku shuka shi duka bana. Ambulan zai jira." Ta ce in goge gidajen nan. Daga baya ta sa aka raba gurbin da ake rubuta gidaje kashi biyu a duk rumbun bayanan, ɗaya na abin da aka ce akwai, ɗaya na abin da aka gani da ido, ta kuma mai da sauran ɗalibai su sake bin nasu.

Da ruwan shuka ya sauka, Baba ya so ya kai ta bakin gona inda Malam ke sa ta. Na ce masa dawar mutane ta kewaye wurin ta ko'ina, in suka yi bununi tare za ta iya gauraya. Ya yarda. Inna ta ba da wurin kuɓewarta a bayan gida, tana cewa a rubuta cewa aro ne. Baba ya sara da sungumi, ni na bi ina jefa ƙwaya bibbiyu, muka kewaye da ƙaya.

Dawar gona ta tsiro ta yi kore, bayan gidanmu shiru. Na koma makaranta a haka. Inna ta ce kullum in Baba ya dawo daga sallar Asuba, can yake fara zuwa, ya tsuguna ya daɗe. Ran nan ina fitowa daga aji waya ta yi ƙara. Baba ba ya kira sai da dalili. Ko gaisuwa bai gama amsawa ba ya ce, "Mai sunan Malam, sun fito." Yawancin ramukan ba su ba da komai ba. Waɗanda suka tsiro ba su kai a cika kunya ɗaya da su ba.

Daga nan na riƙa zuwa gida duk ƙarshen mako da na samu dama. A ɗaya daga cikinsu na tarar da maƙwabcinmu a zaurenmu, hula a hannu, yana ba da haƙuri. Jar akuyar nan da ba ta taɓa shiga gonar kowa ba ta tsallake ƙaya ta cinye wasu daga ciki. Baba bai yi faɗa ba. Ya ce, "Ai ba gona ba ce, bayan gida ne. Maganarka tana nan." Maƙwabcin da kansa ya saro ƙaya ya ninka shingen. Bai tambayi abin da aka shuka ba, ko da yake ya ga jan gaɓar da idonsa.

Sauran suka girma. Da suka yi ciki za su fitar da kai, na kawo ambulan manya daga makaranta, na rufe kowane kai na ɗaure bakinsa da zare, don kada bununin dawa ya sauka a kai, kada kuma tsuntsaye su ci. Mai ɗinkin hula ya leƙo ta kan shinge ya ce, "To, an fara yi wa kara hula, sana'ata ta mutu." Baba ya bar ni na gama nawa. Sannan ya shiga, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana kama ganye yana ƙullawa. Bai bar ko ɗaya ba. Yaran gidanmu suka yi ta zagaya shingen suna haɗiyar yawu, ba wanda ya miƙa hannu.

Da kaka kawunan suka nuna, jajaye masu duhu, ƙwaya cike. Baba ya yanke su da kansa ya shanya a kan rufin ɗaki, sannan ya sare karan. Na farko ya ware, ya naɗe a buhu, ni na kai wa Gwaggo a mota, ina riƙe da shi a tsaye tsakanin gwiwoyina. Ta ɓare, ta tauna, ta rufe ido. Ta tofar da tuƙa ta ce, "Ya ɗan bushe, kun bar shi ya tsufa." Sai ta juya baya tana goge fuska da bakin zane, ta ce hayaƙi ne, alhali ba a hura wuta ba.

Sauran karan Baba ya yanka gaɓa-gaɓa ya kai majalisa bayan La'asar. Dattawa suka yi ta tsotsa, aka yi ta yi wa Malam addu'a. Da aka natsu, Baba ya zura hannu a aljihun babbar riga ya fito da 'yan ƙulli-ƙulli na tsumma, kowanne da ɗan iri a ciki. Ina zaune a gefe ina jiran in ji yadda zai fara. Ya miƙa wa mai ɗinkin hula na farko.

Ya ce, "Ga wannan, ka haɗa da naka."

Mai ɗinkin hula ya karɓa da hannu biyu ya ce, "Madalla. Allah ya jiƙan Malam." Haka Baba ya bi kowa, da kalma ɗaya. Ka haɗa da naka. Babu wanda ya ce ba shi da nasa, babu kuma wanda aka tambaya. Da ya zo kan Baffa, ya ba shi ƙullin da ya fi girma. Baffa ya jujjuya shi a hannu, ya ɗago ya dubi yayansa.

Ya ce, "Na gode, Yaya. Dama nawa ya fara tsufa."

Baba ya ce, "Haka iri yake."

Sai da kowa ya samu, aka kuma ware na shekara mai zuwa aka rataye a ɗakin girkin Inna, sannan Baba ya ce in kawo ambulan ɗina. Ya zuba da hannunsa har ya cika. Na ɗauki biro zan rubuta inda aka samo, na fara sunan garinmu. Ya dafa hannuna ya ce, "A'a. Ƙauyen gwaggonka za ka fara sawa."

Da damina ta zagayo, ban tambayi kowa ko yana da takanda ba. Na jira har kaka ta kusa, na ɗauki wayata na bi bakin gonaki da ƙafa. A gonar Baffa na fara ganin farin kara mai jan gaɓa, ganyensa a ƙulle. Na tsaya na sa gidansa a gurbin abin da aka gani da ido, na wuce gona ta gaba.